Hoton Yaya a Gindin Gada

A gida Auta ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har makarantar koyon zane. Wata rana ce yayarsa ta kira shi a waya yana tsakiyar aji, garin sauri ya danna lasifika, kowa ya ji an ce, "Auta, idan za ka dawo ka taho mini da man keke." Tun daga nan har malamai da shi suke kiransa. Bai taɓa damuwa ba, don ya san duk ajin babu mai hannunsa. Idan ya ja layi da fensir sai ka rantse da abin awo ya ja shi, idan kuwa ya zana fuska, mai ita ma sai ya tsaya yana kallon kansa.

Babban titi ne ya raba unguwarsu da kasuwa da asibiti. Shekara da shekaru mutane a ƙasa suke tsallakawa, motoci na tsaya musu. Sai hukumar gari ta gina gadar sama ta masu tafiya a ƙafa, matakala zalla daga wannan gefe zuwa wancan, ta kuma fara kafa shingen ƙarfe a tsakiyar titin don kada kowa ya bi ta ƙasa. Ƙungiyar unguwa ta kai kuka ba a saurare ta ba, don haka ta nemi izinin zanga-zangar lumana, aka ba ta. Shugaban ƙungiyar ne ya zo makarantar da kansa yana roƙon a taimaka musu da fostoci, malamar da ke koyar da zanen talla da bugu kuwa ta ce wannan shi ne aikin ajinta na zangon.

'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, gefen farcenta kullum da baƙin tawada. Ɗalibai a bayan idonta Malama Don-Me suke ce mata, saboda ba ka nuna mata aiki ta yaba ko ta kushe, sai dai ta karkata kai ta ce, "Don me?" Don me ja? Don me rubutun yake ƙasa? Akwai wanda ta taɓa tambaya don me ya zo makaranta, kuma ba da faɗa ta yi tambayar ba.

Auta bai ɓata lokaci ba. Ya zana wani ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, ya dunƙule hannu ya daki shingen ƙarfe, ƙarafan na tarwatsewa. A sama ya rubuta A BUƊE MANA HANYA da manyan baƙaƙe. Abokinsa Dogo, wanda suke zama a tebur ɗaya, ya duba ya yi fito.

"Kai, wannan ko daga cikin mota ka hango shi sai ka ji kamar ka sauka ka yi faɗa."

Malama ta zo ta tsaya a kansu, ta daɗe tana kallo.

"Wannan bawan Allah wane ne?"

"Jama'a ce, Malama. Mutanen unguwa."

"Don me jama'ar take da damatsa haka? Wannan ai da gudu zai haye gadar nan, da buhu a kafaɗa, ya sauko bai yi haki ba. Me gada ta tare masa?"

Aji ya kwashe da dariya. Malama ba ta yi dariyar ba, ta juya ga ɗaliban duka.

"Zanen ya yi kyau, ba a nan matsalar take ba. Amma duk fostar da kuka yi, akwai wanda kuka sa a ciki, akwai wanda kuka bari a waje. Kuma wahala ba ta zuwar wa mutane da fuska ɗaya. Wani tsufa ne ya hana shi hawa, wata ciki ne, wani ido. Wata kuma abubuwan sun haɗu mata a wuri guda, kamar mahaɗar tituna, ta ko'ina mota na iya fito mata. Ku je ku nemo wanda gadar nan ta fi tare wa hanya."

Auta bai buƙaci zuwa nema ba, a gidansu take. Yaya ta girme shi sosai, ita ta koya masa riƙe fensir. Shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana ƙarama, da keken guragu take yawo, irin wanda ake murzawa da hannu. Tana da shagon gyaran waya a bakin kasuwa, can ƙetaren titi, tana da miji mai aikin gidan burodi wanda yake fita tun asuba, da 'yar jaririya da ba ta fara rarrafe ba. Su ne a sashen baya na gidan, Auta da Mama a na gaba.

Bai gaya mata komai ba. Ya zauna a ɗakinsa ya zana ta da ka: ga ta a gindin matakala, matakalar ta tashi sama baƙi ƙirin, ita kuma ta sunkuyar da kai, jaririya a cinya, mayafinta ya kwanta a kafaɗa kamar ya gaji, hawaye guda na gangarowa a kumatu. Ya zuba duk abin da ya iya a ciki. Da ya kafe shi a allon aji, ɗakin ya yi tsit. Wata ɗaliba ta ce wallahi har tsigar jikinta ta tashi. Dogo ya dafa kafaɗarsa.

Wannan karon Malama ba ta ce don me ba. Ta tambaye shi a hankali, "Ka san ta?"

"Yayata ce."

"Ta gani?"

"Za ta gani, Malama."

"To kada ya shiga ɗakin bugu sai ta gani."

Da yamma ya naɗe takardar ya nufi gida yana jin daɗi, don a ransa kyauta ya kawo mata. Ya same ta a tsakar gida ta baje wata waya a kan faranti, ƙananan kusoshi jere a gefe, Mama na jijjiga jaririyar. Ya warware zanen a gabanta. Yaya ta ajiye sukundireba, ta goge hannu, ta ɗauka ta kai shi wajen haske. Ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Wace ce wannan?"

"Haba Yaya, ke ce mana."

"Ni? Yaushe ka taɓa ganin na sunkuyar da kai a titi? Kuma wannan tsumman mayafin daga ina ka samo mini shi? Mama, dubi yadda ɗanki ya mai da ni. Saura kawai ya zana mutane suna wucewa suna jefa mini sadaka."

"Ke ma dai," in ji Mama, "yaron nan da kyakkyawar niyya ya yi."

"Na sani, Mama. Masu kyakkyawar niyyar ne suke cusa mini canji a hannu ina kan hanyar shagona."

Auta ya ce, "Don ke na yi shi. Don mutane su ga halin da kike ciki."

"Don ni, ko don a tafa maka a aji? Ina akwatin aikina? Ina hannuwana? Ka ɓoye su a ƙarƙashin yarinya kamar ba su da amfani, alhali da su nake tuƙa kaina, da su nake ci. Kana so ka liƙa wannan a kowane bango, gobe mai kawo mini gyara ya zo yana kallona da idon tausayi?"

Ya naɗe takardar da ƙarfi har gefenta ya yage, ya shige ɗaki. Ko da Mama ta aiko masa da abinci cewa ya yi ya ƙoshi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san zanen ya yi kyau, kuma ya san duk da haka gaskiya ta faɗa.

Da safe yana ɗaura takalmi ya ji ƙarar kekenta a ƙofar ɗakinsa. Ta goya jaririyar a ƙirji da majanyi, akwatin aiki ɗaure a bayan kujera, ta sha kwalliya kamar kullum.

"Mai fushi, biyo ni. Ba turawa na ce ka yi ba, tafiya kawai."

Suka bi layin har bakin titi. Ma'aikata ba su gama shingen ba, saura wata 'yar kafa da mutane ke ɗurmawa ta ciki, amma ga ƙarafan da za a toshe ta da su an jibge a gefe. Yaya ta tsaya a gindin gadar, inda wasu samari ke zaune a matakalar farko suna hira.

"Ranar da aka buɗe ta na ce bari in gwada," ta ce da shi, murya ƙasa-ƙasa. "Samarin nan suka taso, ba da mugunta ba, suka ce za su ɗauke ni. Akwai wani mai gyaran takalmi, shi ma keke gare shi, kullum suna ɗaga shi suna tsokanarsa yana tsokanarsu, a wuce wurin. To ni fa? Ƙatti huɗu su rungume ni, matar mutum, hannu ta ko'ina, a gaban kasuwa? Yarinyar wa zan miƙa wa kafin a kai ni sama? Akwatina da wayoyin mutane a ciki, wa zai tsare mini shi a ƙasa? Na ce musu na gode, na juya."

Auta bai taɓa jin wannan labarin ba, ga shi kuwa gida ɗaya suke kwana.

"Na je taron ƙungiyarmu ta masu keke," ta ci gaba, "duk maza ne, sun ce a roƙi a yi wa gadar gangarar da keke zai hau, ko kuma a sa ma'aikatan da za su riƙa ɗaukar mutane. Na ce ɗauka ba ta yi mini ba, suka ce in yi haƙuri, a samu ko wanne ne tukuna. Na je taron matan kasuwa, su fitila suke so a kan gadar da mai gadi, saboda masu tare mata idan magariba ta yi. Na ce ni ko hawan ma ban yi ba, suka ce Allah sarki. A can an manta ni mace ce mai goyo, a nan an manta da kekena. Kai kuma ka zo ka manta ina da sana'a."

Ta murza keken ta bi ta kafar shingen, ta ɗaga wa wata mota hannu kamar mai ba da oda, motar ta tsaya. Ya bi ta da kallo har ta shige kasuwa.

A makaranta ya kwashe komai ya gaya wa Malama, har da yagewar takardar. Ta saurara tana juya alƙalami.

"Za ta yarda ta zo ta gaya wa ajin da bakinta? Idan ba ta so, kada ka matsa mata."

Yaya ta yarda, da sharaɗin ba za ta wuce awa ɗaya ba, don tana da aiki. Sai da ta iso harabar makarantar sannan kowa ya tuna ɗakin zanen a hawa na biyu yake, kuma ginin ba shi da wata hanya sai bene. Malama ta sauko ta tsaya a gindin benen, ta kalle shi, ta kalli baƙuwar, ta dafe goshi.

"Shekaruna nawa ina hawa nan ina tambayar yara don me, ban taɓa tambayar benen nan ba. Ki gafarce mu, 'yar uwa."

"Ba komai, Malama, na saba," in ji Yaya tana dariya. "Amma ni dai ba za a ɗauke ni ba."

"Ajin ne zai sauko."

Aka yi ta sauko da tebura da alluna, aka jera su a barandar ƙasa. Yaya ta faɗi abin da ta faɗa wa Auta, ta ƙara da wasu abubuwan da shi ma bai ji ba. Da ta gama Dogo ya ɗaga hannu, yana sosa ƙeya.

"Yaya, ki yi haƙuri, ba musu nake ba. Amma fosta kallo ɗaya ake yi mata daga nesa. Idan muka ce sai mun sa keke, mun sa goyo, mun sa sana'a, mun sa fitila, ai ba wanda zai gane komai. Cunkoso za ta zama."

Wasu suka fara yi masa ca, Malama ta tsayar da su.

"Ku bar shi, gaskiya ya faɗa. Wannan ita ce wahalar aikin, kuma ni ba ni da amsarta a aljihu. Dole fosta ta faɗi abu ɗaya. Tambayar ita ce yadda za ta faɗe shi ba tare da ta yanke mutum gida-gida ba."

"Ni dai ban ga cunkoso ba," in ji Yaya. "Kullum haka nake fita, da keken da yarinyar da akwatin, kuma kallo ɗaya ake yi mini a gane ni."

A barandar nan Auta ya sake zana ta, tana zaune a gabansa. Da wuya ta tsaya wuri ɗaya, don tun kafin ya gama fuskar ta karɓi wayar Malama da ta daina caji ta buɗe bayanta. Ya roƙe ta ta ɗago, ta ɗago ta zuba masa ido irin kallon da take yi wa mai neman ragi, ya ce yawwa, a haka. Ya zana ta tana fuskantar mai kallo kai tsaye, hannuwanta biyu a kan abin murza keken, jijiyoyinsu a fili, kan jaririyar ya leƙo daga majanyi, akwatin aiki a baya. Matakalar ya mai da ita layuka kawai, a tsaye a gabanta kamar bango. Da aka zo kan rubutu ya kawo kalmomi iri-iri, haƙƙi, adalci, duk ta girgiza kai.

"Rubuta abin da nake gaya wa direbobi idan sun dame ni da hon. Ni ma aiki zan je."

Haka aka rubuta. Sauran ɗaliban suka bazu cikin unguwa, kowa ya dawo da nasa mutumin da izininsa: wani dattijo mai sanda da ke zuwa asibiti karɓar magani, wata mai ciki da tire a ka, wata ma'aikaciyar jinya da ke tashi aiki bayan duhu ya yi. Dogo ya ƙi rabuwa da ƙaton nan na farko, ya roƙi Auta ya bar masa, ya sake zana shi goye da tsohuwarsa a baya, gumi na zuba, ita kuma tana dukan kansa da mafici. Har Malama sai da ta yi dariya.

Launi biyu suka yi amfani da shi, baƙi da ruwan lemo. Aka yi kwanaki ana bugu, ana shimfiɗa takarda a ƙarƙashin firam mai raga, a zuba fenti a ja shi da faffaɗar roba, a ɗaga, a kai shanya a igiya. Ɗakin ya cika da warin fenti da fuskoki suna lilo. Na farkon da suka buga ruwan lemon ya zame ya hau kan hancin Yaya, Auta ya ɓoye su a ƙasan tebur don kada labari ya kai gida.

Ranar zanga-zangar, a karon farko a rayuwarsa ya ga Yaya tana tsoro. Ta canja mayafi ta sake canjawa, ta ce ko dai ta zauna, ai hoton ya wakilce ta. Mijinta, wanda ya roƙi hutun safiyar a wajen aiki, ya ce idan ta zauna shi zai hau keken ya je a madadinta. Mama ta karɓi jaririyar, Yaya ta ce a'a, a ba ta abarta, yadda aka zana haka za a gani.

Da suka karyo kwanar layin ta ga fuskarta a sama, a hannun mutanen da ba ta sani ba, da yawa, duk suna kallonta. Ta tsayar da keken. Auta ya matso kusa da ita.

"Yaya, lafiya?"

"Ka ƙara mini kumatu," ta ce. Ta goge ido da bakin mayafi da sauri, ta murza ta shiga cikin jama'a.

Ba a yi hayaniya ba. Aka taka har gindin gadar aka tsaya, masu keke a gaba, matan kasuwa a bayansu, kuma a ranar ne shugabannin ɓangarorin biyu suka fara gaisawa. Wani jami'in hukuma ya zo ya saurari shugaban ƙungiya, ya ce za a duba. Ya nemi a ba shi fosta ɗaya, aka miƙa masa ta dattijo mai sanda. Yaya ba ta yi jawabi ba, ko da aka miƙo mata lasifika hannu ta ɗaga ta ce ta riga ta faɗi nata.

Ba duka aka samu ba. Bayan 'yan makonni hukuma ta bar kafar shingen a buɗe, ta faɗaɗa ta, ta sa fitilar ba da hannu. Gangarar da aka yi alkawari har aka gama zangon ba a fara ta ba, fitilun kan gadar ma shiru, matan kasuwa suna ta bibiya, yanzu har da Yaya a cikin masu zuwa ofishin hukumar. Ajin Malama kuwa bai koma sama ba, ta yi ta rigima da shugaban makaranta har ya ba ta wani tsohon ɗakin ajiya a ƙasa, mai ƙarancin haske, ɗalibai suna ta ƙorafi suna aiki a haka.

Wata safiya Auta ya raka Yaya shago don zai wuce sayen takarda. Suna jiran fitila ta ba su hannu sai wata mata da ke tsaye a gefe ta yi ta leƙen fuskarta.

"Baiwar Allah, ba ke ce ta jikin fosta ba?"

"Ni ce."

"Ashe da gaske akwai ki. To wane aikin kike zuwa?"

"Gyaran waya."

Matar ta buɗe jaka ta zaro wata waya da fuskarta ta tsage. "Wannan tun da jikana ya jefar da ita take yi mini magana ita kaɗai."

Yaya ta karɓa ta juya ta, ta danna gefenta. "Biyo ni, Anti, yanzu za mu ji me take cewa. Auta, kai kuma wuce, ka makara."